Bach, Handel ko Vivaldi: Da Wane Ma'auni Ake Auna Gwani?

A watan Yunin 1722 shugaban mawaƙan cocin Thomas da ke birnin Leipzig, a Jamus ta yau, ya rasu, majalisar birnin ta shiga neman wanda zai gaje shi. Wanda suka fara zaɓa shi ne Georg Philipp Telemann, wanda a lokacin babu mai tsara kiɗa da ya kai shi suna a ƙasashen Jamusawa. Telemann ya koma Hamburg inda yake aiki, ya nuna wa iyayen gidansa tayin da aka yi masa, suka ƙara masa albashi, ya yi zamansa. Majalisa ta juya ga Christoph Graupner, shi kuma basaraken Darmstadt da yake yi wa aiki ya ce ba inda za shi. Sai da aka rasa na ɗaya aka rasa na biyu, sannan a 1723 aka ɗauki wani mai shekara 38 daga ƙaramar fadar Köthen. Sunansa Johann Sebastian Bach.

Yau idan ka tara masoya tsohon kiɗan Turai ka tambaye su wa ya fi kowa a zamanin da suke kira Barok, kafin ka rufe baki yawancinsu sun ce Bach. A 2019 mujallar kiɗa ta BBC ta tambayi masu tsara kiɗa 174 da ke raye, Bach ne ya zo na ɗaya, har ya wuce Beethoven da Mozart da suka zo bayan zamaninsa. A 2011 Anthony Tommasini na jaridar New York Times ya jera gwanaye goma, ya ɗora Bach a sama. Faifan zinariyar da Amurka ta liƙa wa kumbon Voyager a 1977 yana ɗauke da kiɗansa har uku. Graupner kuwa sai masu bincike ne suka san da zamansa. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Ni ma idan aka matsa mini, ƙuri'ata ta Bach ce. Sai dai hujjar da aka saba kafawa ba ta gamsar da ni ba, kuma ina ganin yadda ake ɗaga shi ya sa ana yi wa abokan zamaninsa rashin adalci. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Zamanin Barok ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750. A farkonsa ne Claudio Monteverdi ya gabatar da Orfeo a Mantua a 1607, ɗaya daga cikin wasannin opera na farko, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe. Ƙarshensa kuma an ɗaure shi ne da shekarar rasuwar Bach. A tsakani akwai Corelli a Roma, Lully da Rameau a Faransa, Purcell a Ingila wanda ya rasu yana da shekara 36. Amma gardamar ta fi zafi a kan mutum uku: Antonio Vivaldi da aka haifa a Venice a 1678, da George Frideric Handel da Bach, waɗanda aka haifa a shekara guda, 1685, wata guda tsakaninsu, a garuruwan da ba su da nisa da juna. Ba su taɓa haɗuwa ba. Bach ya je garin Halle neman Handel a 1719, ya tarar ya riga ya tashi.

Abu na farko da ya kamata mai gardama ya sani shi ne cewa wannan jeri da muke gani kamar daga sama ya faɗo, mutane ne suka gina shi, kuma an san lokacin da suka gina shi. Bach yana raye an san shi a matsayin gwanin ogan, wannan ƙatuwar na'urar kiɗa mai bututu da ake girkewa a coci. Kiɗan da yake rubutawa kuwa, matasa suna ganin tsohon yayi ne. A 1737 wani matashi mai sharhi, Johann Adolph Scheibe, ya rubuta cewa kiɗan Bach ya cika cunkoso da ƙaƙale har ya binne daɗinsa. Da ya rasu a 1750, kaɗan ne daga ayyukansa aka taɓa bugawa. An raba takardunsa tsakanin iyali, wasu suka salwanta har abada. Matarsa Anna Magdalena ta rasu bayan shekara goma tana karɓar taimakon gari.

Handel kuwa yana da ransa aka sassaƙa mutum-mutuminsa aka kafa a lambun Vauxhall da ke Landan a 1738. Da ya rasu a 1759 kimanin mutum dubu uku suka halarci jana'izarsa, aka binne shi a Westminster Abbey cikin sarakunan Ingila. A 1784 makaɗa da mawaƙa fiye da ɗari biyar suka taru a wannan coci don tunawa da shi. Beethoven ya sha faɗin cewa Handel ne ya fi kowa, kuma yana kwance cikin ciwon ajali a ƙarshen 1826 aka kawo masa kyautar littattafan kiɗan Handel juzu'i arba'in, ya yi murna ƙwarai. Da a wancan lokaci aka yi zaɓe, da Handel ya lashe babu hamayya.

To yaya aka yi labari ya juya? Ɗaliban kiɗa dai ba su taɓa mantawa da Bach ba, domin shi kansa Beethoven da kundin Bach ya koyi fiyano tun yana yaro. Amma fitowarsa fili ta faro ne daga 1802, lokacin da Johann Nikolaus Forkel ya wallafa tarihin rayuwarsa, ya kuma bayyana tun daga bangon littafin cewa don masu kishin ƙasa ya rubuta. Jamusawa a lokacin suna warwatse cikin masarautu barkatai, Faransa tana taka su, suna neman gwarzon da za su nuna su ce namu ne. Handel ya koma Ingila ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa tun 1727, Vivaldi Ba'italiye ne. Bach kuwa bai taɓa fita daga ƙasashen Jamusawa ba. A ranar 11 ga Maris 1829 Felix Mendelssohn, yana ɗan shekara 20, ya jagoranci rera babban aikin Bach da ya ginu kan Linjilar Matiyu a birnin Balin. A 1850 aka kafa ƙungiyar da ta ɗauki rabin ƙarni tana buga dukkan ayyukansa. Malaman jami'o'in Jamus su suka rubuta tarihin kiɗa, su suka zaɓi ma'auni, kuma ma'aunin da suka zaɓa, wato zurfin saƙar muryoyi, shi ne inda Bach ba shi da na biyu.

Wannan bai rage wa Bach komai ba. Amma ya nuna cewa suna yakan riga kiɗa shiga kunne. Philipp Spitta, babban marubucin tarihin Bach na ƙarni na 19, ya raina kiɗan cocin Telemann, ya kuma yaba wasu waƙoƙin coci da ake jingina wa Bach. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa wasu daga cikin waɗanda ya yaba ɗin Telemann ne ya rubuta su. Laifin Telemann a wurin na baya shi ne yawa: ayyuka fiye da dubu uku, sai aka yanke cewa mai yawa haka ba zai yi kyau ba, ba tare da an zauna an saurara ba. Shi kuwa Bach da ya san shi ido da ido, shi ya zaɓa ya zama uban baftisma ga ɗansa Carl Philipp Emanuel. Handel ya sayi kundin Telemann na 1733, ya kuma ɗebi jigogi daga ciki ya sa a nasa.

Abu na biyu shi ne mutanen nan uku ba aiki ɗaya aka ɗauke su ba. Mu da muka saba da gardamar Narambaɗa da Shata mun san wannan: ɗaya makaɗin fada ne mai ubangida guda, yana da sararin ya sarƙa magana yadda sai mai zurfin Hausa zai warware, ɗayan kuma fagensa duk inda jama'a suka taru, dole waƙa ta kama mutum tun a ɗan farko. Wanda ya auna su da ma'auni ɗaya, ya riga ya yanke hukunci kafin a fara shari'a. Bach ma'aikacin coci da majalisar gari ne na shekara 27, yana koyar da yara, yana fitar da sabuwar waƙar ibada kusan kowace Lahadi a shekarunsa na farko a Leipzig, ga masu sauraron da ko sun so ko sun ƙi za su zo. Handel ɗan kasuwa ne, mai sayar da tikiti. Kamfanin operarsa ya durƙushe a 1728, ya tashi, ya sake shan asara, har ya bar opera cikin harshen Italiya bayan 1741 ya koma waƙoƙin labaran Baibul cikin Turanci. Vivaldi kuma limamin Katolika ne da ya fara koyar da goge a 1703 a gidan marayu mata na Pietà da ke Venice, inda daga baya aka ƙulla da shi ya riƙa kawo sabon kiɗa biyu kowane wata.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo daren Talata ko Laraba ya ji hannun Handel ko bai san sunansa ba. Taken gasar Zakarun Turai da Tony Britten ya tsara a 1992, daga kiɗan naɗin sarauta da Handel ya rubuta a 1727 aka samo shi, wanda ake kira Zadok, kuma tun daga wannan shekara ba a naɗa sarki ko sarauniya a Ingila ba tare da an rera shi ba, har zuwa naɗin Charles na Uku a 2023. Ku nemi na asalin ku saurara. Gogaye suna farawa a hankali, suna hawa 'yan matakai suna dawowa, suna sake hawa. Babu wani jigo da za ka kama ka rera. Fiye da minti guda ana haka, kana jin wani abu yana tafe ba ka san ta ina zai ɓullo ba. Sai kawai mawaƙa da kakaki da tambura su faɗo gaba ɗaya. A takarda abin ba shi da wuya, ɗalibi ma zai iya karanta shi. Gwanintar tana cikin sanin daidai tsawon lokacin da taron mutane zai iya jira. A wannan fanni Handel ya fi Bach, kuma ya fi shi a wani: zana halin mutum da murya. A operarsa ta Julius Kaisar ta 1724, Cleopatra takan fara da rangwaɗa da yaudara, ta gangara zuwa tsoro, ta kai ga kukan wadda ta rasa komai, kuma ko ba ka jin kalma ɗaya ta Italiyanci za ka san halin da take ciki. Bach bai taɓa rubuta opera ko ɗaya ba.

Masu raina Handel sukan ce ai ya cika aro, kuma ya cika gaggawa, tunda cikin kwana 24 ya rubuta babban aikinsa Almasihu a 1741. Aron gaskiya ne, amma al'adar zamanin ce, kuma shi ma Bach ya yi. Gaggawar kuwa, aikin da aka fara rerawa a Dublin ranar 13 ga Afrilun 1742, inda aka roƙi mata su bar faffaɗan siket a gida maza su ajiye takubba don wuri ya ɗauki mutum ɗari bakwai, har yau babu shekarar da ba a rera shi. Kuɗin da aka tara a ranar ya fitar da mutum 142 daga kurkukun masu bashi.

Vivaldi ne ya fi shan ba'a. Akwai maganar da ake jingina wa mai tsara kiɗa Stravinsky cewa wai Vivaldi kiɗa ɗaya ya rubuta sau ɗaruruwa. Maganar tana da daɗin faɗa, amma masu maimaita ta sukan manta abu biyu. Na farko, Vivaldi ya rasu cikin talauci a Vienna a 1741, kiɗansa ya ɓace kusan shekara ɗari biyu, sai a 1926 da wata makarantar 'yan mishan a yankin Piedmont ta so sayar da tsofaffin littattafai don gyaran gini aka gano rabin takardunsa, ragowar kuma a 1930, aka haɗa su a ɗakin karatu na Turin. Lokacin da malaman ƙarni na 19 ke jera gwanaye, ba su da abin da za su auna shi da shi. Na biyu, tsarin da ake cewa ya maimaita, shi ne ya daidaita shi ya ba Turai: kashi uku, mai sauri, mai sanyi, mai sauri, ayari yana dawowa da amshi bayan kowane zagaye na gwani ɗaya. Da kundinsa na 1711 ya iso Weimar, inda Bach yake aiki a lokacin, Bach ya zauna ya kwafe ayyukan da hannunsa, ya mayar da kusan goma daga kiɗan Vivaldi zuwa ogan da hafsikod, kakan fiyano. Wanda Bach ya ɗauka malami, ban ga dalilin da mabiyan Bach za su yi masa dariya ba.

A saurari kashi na biyu na Bazara cikin Lokutan Shekara Huɗu da aka buga a 1725. Goge ɗaya yana jan dogon jigo mai taushi, makiyayi ne yake barci. Sauran gogaye suna raɗa, ganyaye ne iska ke kaɗawa. Can ƙasa kuma wani goge mai kaurin murya yana buga sauti biyu, ya tsaya, ya sake biyu, tun daga farko har ƙarshe. Vivaldi da kansa ya rubuta a takardar cewa kare ne ke haushi. Abu uku a lokaci ɗaya, kowanne a fili, cikin minti biyu da 'yan kai. Wannan tsabtar tunani ce, kuma ita Bach ya je nema.

To me ya sa duk da haka na ce Bach? Wani abokina malamin lissafi yakan ce mini, "Malam, ai magana ta ƙare, kiɗan Bach lissafi ne tsantsa." Nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, in don lissafi ne, ai allo da alli sun ishe mu." Wuyar abu ba ta taɓa zama hujjar kyansa ba, kuma zamanin Barok cike yake da masu saƙar muryoyi da ba wanda ke saurare yau. Wannan hujja ta lissafi ita ce ma ke korar mutane daga Bach, suna zaton sai mai digiri zai ji daɗinsa.

Hujjata ta fi haka sauƙi. A yawancin kiɗan duniya akwai jagora akwai 'yan amshi. A salon da ake kira fuga, wanda Bach ya kai maƙura, babu wannan rabo. Murya ta farko za ta shigo da gajeren jigo. Ta biyu ta ɗauko shi daga wani mataki, ta farko kuwa ba ta yi shiru ba, ta ci gaba da nata zancen. Ta uku ta shigo, ta huɗu ta biyo. Kowacce idan ka cire ta ita kaɗai waƙa ce cikakkiya, a haɗe kuma ba sa karo. Sakamakon haka shi ne kunne ba ya iya kwashe komai a ji ɗaya. Yau ka bi ta sama, gobe ka bi ta ƙasa, ka tarar da wani zance da bai shiga kunnenka jiya ba. Zadok yana girgiza ni duk lokacin da na ji shi, amma girgiza iri ɗaya ce, na san inda take. Kiɗan Bach kuwa shekaru nake saurare ban kai ƙarshensa ba.

Sannan kiɗansa ba ya dogara da kayan da aka rubuta shi dominsu. An buga shi da fiyanon da bai rubuta wa ba, an buga shi da gita, da na'urar lantarki, da salon jaz, bai karye ba. Kiɗan nan guda shida da ya rubuta wa babban goge shi kaɗai, an ɗauke su darasin motsa yatsu har sai da makaɗi Pablo Casals, yana ɗan shekara 13, ya tsinci kwafinsu a wani shago a Barcelona a 1890. Mutum ɗaya, tsirkiya huɗu, amma sai ka rantse mutum biyu ko uku ke zance. Kuma masu ce masa busasshe ba su saurari ƙarshen kundin Goldberg na 1741 ba. Sauyi talatin ne a kan gindin kiɗa guda, kowane na uku yana bin ƙa'ida mai tsauri da ke ƙara wuya. Da ya zo na talatin, inda kowa ke jiran mafi wuya, sai ya ɗauko waƙoƙin titi ya sarƙa su, ɗaya ma a kan kabeji take. Mutumin da ya haifi 'ya'ya ashirin, ya binne goma tun suna ƙanana, ya rubuta wasan barkwanci a kan budurwar da ta kamu da shan kofi, ba daga allon lissafi ya fito ba. Ni ba Kirista ba ne, ba na kuma jin Jamusanci, amma baƙin cikin da ke cikin waƙoƙinsa na makoki bai taɓa neman tafinta a wurina ba.

Akwai masu cewa a bar gardamar ɗungurungum, kowa da abin da ke masa daɗi. Ban yarda ba. Idan babu wanda ya fi wani, to babu amfanin koyo, babu dalilin da ya sa saurayi Bach ya taka kimanin kilomita 400 a ƙasa daga Arnstadt zuwa Lübeck a 1705 don ya ji tsohon gwanin ogan Buxtehude, ya ɗauki hutun mako huɗu ya yi kusan wata huɗu. Su kansu sun san akwai gaba akwai baya. An haɗa Handel da Domenico Scarlatti gasa a gidan wani babban limami a Roma, aka ba Handel ogan, hafsikod kuma aka kasa rabewa. Gardama tana wasa kunne, muddin mai yin ta zai faɗi abin da ya auna da inda ya ji shi. Abin da ke kashe ta shi ne jerin sunaye da ake haddacewa, wanda ke sa mutum ya ji kunyar cewa Vivaldi yake so, ko ya wuce Telemann da Purcell da Barbara Strozzi don bai gan su a saman takarda ba.

Yanzu duk waɗannan ayyuka suna cikin waya, kyauta ko da ɗan kuɗin data. Shawarata ga mai son shiga fagen ita ce ya fara da Vivaldi, domin shi ke koya wa kunne bin tsari. Ya wuce ga Handel, ya ji yadda ake juya taro da muryar ɗan'adam. Sannan ya zo ga Bach, ya ɗauki guntu ɗaya gajere ya yi ta maimaita shi har muryoyin su rabu a kunnensa. Wanda ya yi haka ya dawo ya ce mini Handel ya fi, ba zan yarda ba, amma zan shimfiɗa masa tabarma mu yi ta yi, domin yana da Beethoven a bayansa. Wanda kuwa ya ce Bach ya fi don haka ya ji ana faɗa, ko da amsarsa ta yi daidai da tawa, bai shigo gardamar ba tukuna.